Ƙugin Jirgin Sama Da Rabon Filaye

Wani malamin makaranta daga Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, ya aiko mana da takarda yana tambaya. Ya ce ya zo Katsina rakiyar wansa da zai tafi aikin hajji, suka kwana gidan wani ɗan'uwansu da ya yi sabon gini a bayan gari, kusa da filin jirgin sama. Cikin dare jirgin da zai ɗebi alhazai ya zo sauka, ya bi ta bisa gidan. Malamin ya ce ya daɗe da sanin jirgi ya kan yi ruri sa'ad da zai tashi, don injinsa yana aiki iyakar ƙarfinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wannan jirgi sauka zai yi, an kuwa ce matuƙi ya kan rage wuta in zai sauka, amma duk da haka sai da kwanon ɗakin ya amsa, jariri ya farka da kuka. Ya ce, to, in an rage wa inji wuta, daga ina wannan ƙugi ya ke fitowa? Ya ƙara da cewa ya ga an kafa harsashin wata makaranta a unguwar, shin hakan daidai ne?

Mun ga ya kamata mu amsa wa malamin a fili, don tambayarsa ta biyu ta shafi duk mai koyarwa da duk akawun da takardun filaye ke bi ta hannunsa. Ra'ayinmu shi ne, ƙarar jirgi mai sauka aba ce da a ke iya lissafa ta tun jirgin bai zo ba. Masu ƙera jirage sun yi shekaru fiye da hamsin suna fama su rage ta, kaɗan kaɗan su ke samu. Babban magani kuwa, mafi araha, yana hannun wanda ke cewa nan za a gina makaranta, can za a bari gona.

Bari mu fara da tambayar farko. Kowane malami ya san tsumagiya. In ka kaɗa ta cikin iska sannu, ba ka jin kome. In ka kaɗa ta da ƙarfi, sai ta yi kuka, alhali ba ta da inji, ba ta kuma taɓa kome ba sai iska. Haka wayar lantarki ke kuka lokacin hunturu. Dalili shi ne, duk abin da ya keta iska da sauri ya kan bar 'yan guguwa ƙanana a bayansa, suna murɗewa suna fashewa, girgizarsu ita ce ke isa kunne. Jirgin sama mai sauka yana tafiyar kilomita wajen 250 a sa'a, to, a ƙiyasta irin kukan da gangar jikinsa za ta yi.

Sa'ad da jirgi ya ke can sama, jikinsa sumul ya ke, iska tana zamewa a kansa. Amma in zai sauka tilas ya rage gudu ba tare da ya faɗo ba. Don haka matuƙi ya kan zaro waɗansu ƙananan fukafukai daga gefen gaba da gefen baya na manyan fukafukan, sa'an nan ya sauko da ƙafafun jirgin. Ƙafar babban jirgi kuwa ba taya kaɗai ba ce. Akwai sanduna, da bututun birki, da wayoyi, da ƙofofi, da ramin da ƙafar ke kwanciya ciki, wanda ya ke zama a buɗe. Kowane ɗaya daga cikinsu tsumagiya ce cikin iska. Ramin nan kuma yana yin abin da bakin kwalba ke yi in yaro ya busa shi. Wannan ita ce ƙarar gangar jiki, watau ƙarar da jirgi zai yi ko da an kashe injinsa ƙurmus.

Da farko ba wanda ya kula da ita, don rurin inji ya danne kome. Jiragen jet na farko, irin su Boeing 707 da ya fara ɗaukar fasinja a 1958, suna fesa iska mai zafi da mugun gudu ta bayan inji. A 1952 wani masanin lissafi na Jami'ar Mancesta a Ingila, James Lighthill, ya nuna cewa in gudun iskar da inji ke fesawa ya ninka biyu, ƙarfin ƙararta ya kan ninka 256. Da masu ƙira suka gane haka, sai suka koma yin inji mai ƙatuwar fanka a gaba, wadda ke tura iska mai yawa amma a hankali. Ƙarar inji ta faɗi ƙwarai. Sai ga shi a farkon shekarun 1970, da aka auna jirage a Amurka suna wucewa da inji a rage, aka iske akwai wata ƙara da ta saura, wadda ba ta inji ba ce. A manyan jiragen yau, lokacin sauka, ƙarar gangar jiki ta kan yi daidai da ta inji, wani lokaci ma ta fi ta. Ashe malamin Tsaskiya kunnensa bai ruɗe shi ba.

To, yaya a ke sanin yawan wannan ƙara tun ba a ji ta ba? A 1977 wani injiniya a Amurka, Martin Fink, ya tsara wa hukumar jiragen saman ƙasarsu hanyar lissafi. Ya rarraba jirgi gaɓa gaɓa, fiffike daban, wutsiya daban, ƙananan fukafukai daban, ƙafafu daban. Ya lissafa ƙarar kowace gaɓa bisa girmanta da gudun jirgi, sa'an nan ya tara. Yau an wuce nan. A kan sa ƙaramin samfurin jirgi cikin wani ƙaton bututu da a ke hura wa iska, a jera na'urorin ɗaukar sauti kewaye da shi, su nuna takamaimai inda kowace ƙara ke fita. A kan kuma sa manyan kwamfutoci su kwaikwayi tafiyar iska a jikin ƙafar jirgi tun ba a ƙera ta ba. Abin da duk wannan bincike ya tabbatar shi ne gudu ne uban ƙara. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ƙarar gangar jiki ya kan ninka tsakanin 32 da 64. In an rage gudu da kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin ƙarar ya kan ragu da abin da ya kusa rabi.

Ma'aunin ƙara sunansa desibel, yana kuwa da wata ɗabi'a da ya kamata mai karatu ya riƙe. In an rage desibel 3, an raba ƙarfin ƙara biyu ke nan, amma kunne da ƙyar ya ke lura. Sai an rage wajen desibel 10 kafin mutum ya ce ƙarar ta ragu da rabi. Da wannan ma'auni za mu duba abin da masu ƙira suka samu.

Malaminsu na farko mujiya ce, tsuntsun da mu ke ƙi. A 1934 wani matuƙi Bature, R. R. Graham, ya rubuta bayani kan dalilin da ya sa mujiya ke faɗa wa ɓera ba tare da ya ji zuwanta ba. Ya nuna abu uku. Gefen gaba na fiffikenta yana da haƙora kamar matsefi, gefen baya yana da geza mai taushi, bisansa kuma akwai lallausan gashi. Waɗannan ke farfasa guguwar iska kafin ta yi kuka. Har yau masu ƙira suna kwaikwayon wannan halitta, ba su kuwa kamo ta ba.

Ga misali biyu na abin da aka ci nasara. Jiragen Airbus A320 suna da waɗansu 'yan ramuka ƙarƙashin fiffike, don sauke matsi daga tankin mai. In jirgin ya nufo sauka, iska ta kan busa ramukan su yi fito mai tsini, a ji shi tun daga nesa. Masu bincike na Jamus suka gano tushen fiton, aka ƙera ɗan guntun ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, aka kafa shi gaban kowane rami. Kamfanin Lufthansa ya fara sa wa jiragensa a 2014, ya ce ƙarar ta ragu da har desibel 4 sa'ad da jirgin ke da sauran kilomita 10 zuwa 17 ya sauka. A 2018 kuma hukumar NASA ta Amurka ta ba da labarin gwajin da ta yi da ƙaramin jirgi Gulfstream III a Kalifoniya. Aka sa wa ƙafafunsa marufi mai ƙananan huji, aka gyara ramin ƙafar, aka yi masa fiffiken baya mai lanƙwasuwa wanda ba shi da tsaga. Aka jera na'urorin sauti 185 a ƙasa jirgin ya riƙa bi ta kansu, hukumar ta ce ƙarar gangar jiki ta ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. Wannan aiki ne babba. Amma in an auna da ƙarfin ƙara, raguwar kashi 70 ba ta wuce desibel 5 da 'yan kai ba.

Yanzu sai mu dawo gida mu yi namu lissafin, wanda ɗan aji shida zai iya bi. Ƙara tana raguwa da nisa. Duk sa'ad da nisan da ke tsakaninka da jirgi ya ninka biyu, an rage desibel 6. Jiragen fasinja kuwa ba su sauka yadda suka ga dama. Sun kan miƙe sosai da titin saukarsu tun daga nesa, su gangaro bisa karkata ta digiri 3, watau suna sauka wajen mita 52 cikin kowace kilomita. Sabo da haka jirgin da ke da sauran kilomita 3 ya kai bakin titi, tsayinsa daga ƙasa wajen mita 170 ne. Makarantar da aka gina daidai ƙarƙashin wannan layi, nisanta da jirgi ke nan. In aka gusar da ita gefe da mita 300, nisan ya ninka biyu, an sami desibel 6. In aka gusar da ita kilomita guda, an sami wajen desibel 15. Jama'a, a dubi wannan da kyau. Abin da masanan Jamus da Amurka suka kashe shekaru da dukiya mai yawa kafin su samu, akawun filaye zai sami fiye da shi da alƙalami da taswira, in dai ya yi tun ba a kafa tubali ba.

Wani zai ce, ina ruwan karatu da ƙarar da ba ta wuce rabin minti ba? An bincika wannan. A 1992 aka rufe tsohon filin jirgin saman Munik a Jamus aka buɗe sabo a wani wuri dabam. Masu bincike suka bi yara fiye da 300 kafin ƙaurar da bayanta. Yaran da ke kusa da tsohon fili, karatunsu da riƙonsu suka gyaru bayan an rufe shi. Na kusa da sabon fili kuwa nasu ya ja baya. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike kan yara fiye da 2,800 'yan shekara 9 zuwa 10, a makarantu 89 kusa da filayen jiragen Landan da Amsatadam da Madrid. Aka iske a Ingila duk ƙarin desibel 5 yana tafiya tare da jinkirin da ya kai wata biyu wajen iya karatu. Malamai ba su bukatar a faɗa musu dalili. In jirgi ya zo, malam ya yi shiru, yara su juya taga, kafin a maido hankalinsu an yi asarar abin da ya fi rabin minti nesa.

A Turai su kan toshe ajin da tagogi masu gilashi biyu su kunna na'urar sanyaya ɗaki. Mu nan ba mu da wannan hanya. Ajinmu rufin kwano ne, sau da yawa ba silin, tagogi kuwa tilas a bar su buɗe sabo da zafi. Soron ƙasa na kakanninmu ya fi kwano tare ƙara nesa ba kusa ba, don nauyi ke tare sauti, amma mun bar shi. Wanda ba shi da halin toshe ɗaki, sai ya nisanta ɗakin.

Kano ta ishe mu ishara. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka iso Kano daga Masar, a 1936 kuma jiragen wasiƙu suka fara zuwa daga Hartum. A wancan zamani filin jirgi bayan gari ya ke, gonaki kewaye da shi. Yau filin Malam Aminu Kano gari ya rufe shi. Babban titinsa ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Jirgi kuwa ya kan sauka yana fuskantar iska, don haka lokacin hunturu, da iska ke busowa daga arewa maso gabas, ta kan unguwannin wajen Kurna da Gwammaja jirage ke gangarowa. Ba kuma ƙara kaɗai ce illar zama ƙarƙashin layin jirgi ba. Ran 4 ga Mayu 2002 wani jirgin fasinja ya faɗa cikin gidajen Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, aka yi hasarar rayuka a cikin jirgi da cikin gidaje. Yanzu ba mai iya tada waɗannan unguwanni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san abin da za a ce mana, ba kuma za mu kauce masa ba. Za a ce filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina jiragensa ba su da yawa, ba a kwatanta shi da na Landan. Gaskiya ne. Za a ce mutanen Batsari da Safana suna da abin da ya fi ƙarar jirgi damunsu, don shekarun nan 'yan bindigar dajin Rugu sun hana da yawansu noma da barci. Wannan ma gaskiya ne, ba mu ɗora kome bisa maganar tsaro ba. Amma a lura, wannan fitina ita ce ta koro mutane da yawa daga ƙauyuka zuwa birni, mai ƙaramin ƙarfi kuwa inda fili ke da araha nan ya ke saye, watau bayan gari. Gari yana girma ta kowace fuska ko jirage sun yi yawa ko ba su yi ba. Makarantar da aka gina bana za ta yi shekara hamsin tana nan, wa zai ce mana yawan jiragen da za su riƙa sauka Katsina a lokacin? Ƙarancin jirage na yau shi ne damarmu, don icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Ba kuma muna neman a hana jirage sauka da dare ba, yadda aka yi a Farankfot ta Jamus tun 2011. Alhazanmu da 'yan kasuwarmu suna bukatar jirgi ko da wane lokaci ya zo. Ƙungiyar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Nijeriya ke cikinta, ta amince a 2001 da hanyoyi huɗu na maganin ƙara: gyaran jirgin kansa, tsara amfani da ƙasar da ke kewaye da fili, gyara yadda a ke tashi da sauka, sa'an nan taƙaita zirga-zirga, wadda aka ce kada a fara da ita. Ta farko ba a hannunmu ta ke ba, don ba mu ƙera jiragen fasinja. Ta biyu kuwa tamu ce ɗungum. Zamanin En'e, kafin 1976, hakimai da dagatai da ma'aikatan En'e ke lura da rabon ƙasa. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni hannun gwamna, na karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da izninsu. Ko ta wace hanya, takardar ta kan bi ta teburin akawu ne.

Sabo da haka ga abin da mu ke roƙo. Na farko, hukumomin jiragen sama su zana taswirar ƙara ta filayen Katsina da Sakkwato da Kano, bisa yawan jiragen da a ke tsammani nan da shekara ashirin, ba na yau kaɗai ba. Lissafin sananne ne, ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da jami'o'inmu, su taimaka. A manna taswirar a ofishin filaye da ofishin hakimi, da bayani cikin Hausa, don mai saye ya san abin da ya ke saye. Na biyu, kada a ba da iznin gina makaranta ko asibiti a kan layin da ya miƙe daga bakin titin jirgi, har iyakar da taswirar ta nuna. Ba a ce a bar ƙasar banza ba. Gona, da ma'ajiyar kaya, da garejin motoci, da masana'anta, duk ƙara ba ta cuce su. Na uku, malaman da makarantunsu suka riga suka faɗa ƙarƙashin layi su ajiye littafi, su riƙa rubuta rana da sa'a duk lokacin da jirgi ya tsai da darasi. Kuka da baki iska ke ɗauke shi, amma lissafin zango guda a rubuce, in ya isa ofishin ilmi, ba a iya musunsa. Na huɗu, masu ba da iznin shigo da jirage su riƙa tambaya ko an yi musu gyaran rage ƙara da ya dace da irinsu.

Ga malamin Tsaskiya mu ke cewa, Malam, ƙugin da ka ji na iska ne da ke dukan ƙafafu da fukafukan jirgi, haɗe da saurar ƙarar inji. Makarantar da ka gani kuwa, ba mu san daidai inda ta faɗa ba, kai ma ba ka sani ba, mai yiwuwa wanda ya sa hannu a takardarta shi ma bai sani ba. Wannan rashin sani shi ne mu ke so a kawar, tun harsashi bai zama bango ba. Allah ya sa masu rabon filaye su ji, su kuma aikata.